Tsofaffin yunifom na ma'aikata, za su yi jakar tafiya kuwa?

Tela_Zango:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Akwai wani kwastomana da yake aikin sito a wani kamfani can wajen Ikeja, sun canja kalar yunifom ɗin ma'aikata, tsofaffin suna nan jibge buhu-buhu, wanduna da riguna da irin rigar nan ta makanikai mai haɗe da wando. Ya kawo min samfur in gani, wallahi yadin ya fi wanda muke saye a Balogun ƙwari, sai dai wuya da gwiwa da bakin aljihu sun ci. Shi ne na farke wando ɗaya na ɗinka 'yar jakar da ake zuba buroshi da man goge baki da turare, ƙafa ɗaya ta ishe ni har da saura. Yanzu tunanina in ɗauki abin da gaske, in riƙa yin jakunkunan tafiya, ta rataya da ta goyo da 'yar ƙarama ta fasfo, musamman gab da sallah da mutanenmu suke tafiya gida. Tambayata biyu ce, mutane za su saya kuwa in sun san tsohon kaya ne? sannan akwai matsala da hukuma a ciki? Wanda ya san wani abu don Allah ya taimaka.

ƊanMile12:
Wa alaikassalam malam tela. Ni dai zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, mutuminmu da zai hau mota daga Agege ko Ijora zuwa Kano ko Sakkwato ba ruwansa da jaka mai kyau, Gana-mos-go yake nema wadda za ta ci garin kwaki da galan ɗin manja da atamfar uwargida da takalman yara, a ɗaure ta da igiya a wurga bayan mota. In ta yage a sayi wata. Ta ina za ka yi gasa da ita wajen araha?

Hajiya_Obalende:
Ni kam ba zan zuba kayana a wandon wani ƙato da ban san shi ba, ya sha zufa shekara da shekaru a ciki 😂 Allah ya ba da sa'a dai.

MamanIlham:
Haba Hajiya, to gwanjon da muke ɗebo wa yara a Katangowa da Aswani ran Talata fa? Wanda ya sa shi ma ai ba mu san shi ba, ba mu ma san addininsa ba, kuma a jikinsu suke sawa, wannan kuwa jaka ce kawai. In an wanke an shanya a rana an goge ai magana ta ƙare.

Hajiya_Obalende:
Maman Ilham gwanjo daban, shi kowa ya san gwanjo ne kuma kuɗinsa kuɗin gwanjo. Wannan fa sabuwar jaka za a ce min ita ce, a karɓi kuɗin sabuwa.

Baba_Maigadi_Apapa:
Yaro kafin a zo maganar za a saya ko ba za a saya ba, tsaya ka ji ta bakin mai gadi. Kayan nan na waye? Mai sito ba shi ne mai kamfani ba, ajiya aka ba shi. Ni na daɗe a bakin get, duk abin da zai fita daga kamfani ko tsintsiya ce sai da takarda mai sa hannun manaja, in babu takarda sunansa sata ko da a bola za a zubar da shi gobe. Ranar da odita ya zo ya ce ina buhu kaza na tsohon yunifom, shi mai siton zai ce ga wanda na kai wa, kai kana zaune a shago da ƙyallayen a ƙarƙashin keke za a zo a same ka. Ka ce masa ya kawo takarda, ka yi mata hoto ka ajiye. Na biyu, kamfanoni da yawa ba sa son yunifom ɗinsu ya fita waje saboda 'yan damfara, mutum ya sa riga mai tambari ya ƙwanƙwasa gidan mutane ya ce daga ofis aka turo shi. Mu a wajen aikinmu in za ka bar aiki sai ka mayar da riga da wando da hula da bel, in ba haka ba a cire a albashinka na ƙarshe. Don haka in ka je wajensu abin da za ka fara faɗa shi ne za ka yanke tambarin a gabansu ka bar musu shi.

Tela_Zango:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan kira shi yau in ji ko manajansu ya san da maganar.

Injiniya_Yaba:
Abin da Baba ya faɗa haka yake ko a waje, ba a bayan fage ake yi ba, kamfanin ne da kansa yake miƙa kayan. A 2018 kamfanin jirgin sama na Delta a Amurka da ya canja wa ma'aikatansa yunifom, tsofaffin da aka tattara sun kai wajen tan 160, suka ba wani kamfani mai suna Looptworks a Portland, aka yi jakar goyo da ta fasfo da sauran tarkacen tafiya aka sayar. KLM na Holan su kuma tsofaffin yunifom na ma'aikatan jirgi suka sa aka saƙa cikin kafet ɗin da suka shimfiɗa a jiragensu. Akwai Freitag a Zurich, wa da ƙani ne suka fara a 1993 da tsohon tamfol ɗin manyan motoci da bel ɗin kujerar mota da tsohon tub na keke, yau jakarsu ba kowa ke iya saye ba. A Ingila akwai Elvis & Kresse da suke yin jaka da tsohuwar mesar 'yan kwana-kwana tun 2005, rabin ribar wannan mesar suna ba ƙungiyar taimakon 'yan kwana-kwanan. Abin lura, duk waɗannan ba sa ɓoye cewa tsohon kaya ne, shi ne ma tallar tasu. To malam tela kai ma kar ka ɓoye, amsar Hajiya ke nan.

ƊanMile12:
Injiniya ka kwaso mu ka kai Zurich 😂 can Bature ya ƙoshi ne shi ya sa yake sayen tsumma da tsada don a ce yana kare muhalli. Nan wanda yake lissafin kuɗin mota zuwa Gusau za ka ce wa muhalli?

Injiniya_Yaba:
Ai Legas ba Mile 12 ce kaɗai ba Alhaji. Akwai masu kuɗin a Lekki da Ikoyi da suke zuwa baje koli suna sayen irin wannan, akwai kamfanoni da suke raba kyauta ga ma'aikata da baƙi a ƙarshen shekara. Kamfanin da ya ba shi yunifom ɗin ma shi ne kwastoma na farko da ya kamata ya nema, ya ɗinka biyu masu kyau ya kai musu ya ce ga tsohon kayanku, ku saya ku raba wa ma'aikata. Kuma maganar muhalli ba ta Turawa ba ce kawai, ka bi ta Ojota ka ga tulin bolar Olusosun, ka tuna gobarar da ta yi a 2018 hayaƙi ya rufe unguwa. Yawancin yunifom ɗin nan haɗi ne, kashi 65 foliyesta kashi 35 auduga, ita foliyesta roba ce, ba ta ruɓewa, in ta shiga kwata tana nan har damina ta zo ruwa ya shigo mana ɗaki.

Baduku_Mushin:
Slm. Ni sana'ata ke nan, jaka da takalmi, a Mushin nake sayen kayan aiki, bari in ɗan yi bayani mai tsawo ku yi haƙuri. Malam tela yadi a jaka shi ne abu mafi araha, ko kyauta aka ba ka bai rage maka wani abin kirki ba. Kuɗin jaka yana wajen zif da maratayi da ƙarafuna da shafi da soso da zare, sai kuma lokacinka. Farke wandon ma'aikata ba wasa ba ne, ɗinki biyu ne wani wajen uku, ga ƙulli a bakin kowane aljihu, in ka ce da reza za ka bi shi layi-layi ka ɓata yininka a wando biyu. Abin da za ka yi kar ka farke, ka yanke ta gefen ɗinkin da almakashi ka yar da kaurin, asarar faɗin ɗan yatsa guda ce na yadi. Ƙafar wando daga gwiwa zuwa ƙasa ka bar ta yadda take tunda dama zagaye take, rufe gindi kawai za ka yi ka sa zif ko igiyar zuge, ta zama jakar takalmi ko ta caja. Bayan riga shi ne fili mafi faɗi, da shi za ka yi jikin babbar jaka. Aljihun gefe mai murfi ka ciro shi ɗungurungum ka ɗora a sabuwar jakar, an riga an yi maka aikin.

Kafin ka yanka komai ka ɗaga yadin a rana, duk inda haske ya ratso sosai ya mutu, gwiwa da mazaunai da gwiwar hannu galibi sai dai tsumma. Ka kama da hannu biyu ka fizga, in ka ji ya yi ƙara ka ajiye shi gefe. In kana son sanin ko roba ta yi yawa a ciki ka yanki ɗan ƙyalle ka kusanta shi da ashana, auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, foliyesta tana narkewa ta dunƙule ta yi baƙin ƙullutu mai tauri. Mai robar ya fi jure ruwa da datti amma kar ka sa masa dutsen guga da zafi sosai, ƙyalli zai yi.

Sai maganar keke. In Butterfly ɗin nan baƙa kake da ita za ta yi ƙananan jaka, amma inda yadi ya ninku huɗu ko shida ga maratayi a kai, allura za ta yi ta karyewa, sai babban keke da allura lamba 18 zuwa sama da zaren nailan. Zif kar ka sa ƙasa da lamba 5 a ƙananan, babbar jaka 8 ko 10. Maratayin kuma kar ka liƙa shi a baki kawai, ka zagayo da shi ta ƙarƙashin jakar gaba ɗaya ya zama shi ke ɗauke da nauyin, inda ya haɗu da jiki ka yi ɗinkin akwati da gicciye a ciki. Duk jakar da aka dawo min da ita a shagon nan ko zif ne ko hannu, ban taɓa ganin wadda yadinta ya fara mutuwa ba.

Tela_Zango:
Kai malam Baduku Allah ya saka da alheri, wannan ai karatu ne. Babban keke ina da shi, matsalar wuta ce, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kunna janareto don ɗinkin jaka sai an yi lissafi. To shafi fa me kake sawa saboda ruwa? ka san daminar garin nan.

Baduku_Mushin:
Tafeta mai roba a baya, ana sayar da ita a yadi a Mushin. In kana son araha ka nemi tsohuwar bana ta 'yan siyasa ko ta masu taro, irin mai kaurin nan, ka wanke ka juya hoton ciki ka sa a gindin jaka tsakanin yadi da shafi. Ko an ajiye ta a jiƙaƙƙen ƙasa a tasha ruwa ba zai taɓa kaya ba. Sai dai tana ƙara nauyi, kar ka sa a ta fasfo.

AbbaKeke:
Wato fuskar ɗan takara ce za ta riƙa shan taɓon tasha 🤣 wannan na goyi baya.

Nas_Idi_Araba:
Don Allah a kula da abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Ba kowane yunifom ne wanki yake tsarkake shi ba. Na masu feshin maganin ƙwari, na masu aikin batir, na masu fenti, na waɗanda suke depo ɗin mai, waɗannan maganin yana shiga cikin zaren, kuma mutanenmu in za su yi doguwar tafiya a jaka ɗaya ake zuba kaya da ƙuli da dabino da kilishi da abincin yaro. Na asibiti kuma ni da nake ciki ba zan ba da shawara ba sam, a bar shi inda yake. Na masu gadi da direbobi da ma'aikatan otal da masu kai saƙo ba laifi. A jiƙa da ruwan zafi da omo, a zuba Dettol, a shanya a rana sosai ba a inuwa ba don yadi mai kauri in bai bushe ba a garin nan fumfuna yake yi. Kar a sa bilic a mai kala, zai yi dabbare-dabbare. Kuma malam tela ka sa takunkumi ranar da za ka zazzage buhunan, ƙurar sito ba ta da kyau.

DirebanTanka:
Anti Nas ta yi gaskiya. Rigar aikina ta depo ko sau nawa aka wanke warin gas yana nan, uwargida ba ta yarda a haɗa ta da kayan yara ko a igiyar shanya. Amma akwai tsirin nan mai ƙyalli da dare da yake jikinta, shi kam a ciro shi a sa a jakar goyo ta yara 'yan makaranta, mu da muke tuƙi da asuba mun san amfaninsa.

Hajiya_Obalende:
To kun ji ko, da na yi magana an ce ƙyama ce.

MamanIlham:
Hajiya ke zufa kika ce ba maganin ƙwari ba 😄

TsohonƊanOkada:
Maganar nan ta taɓo min inda yake min ciwo. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana okada a manyan unguwanni a Fabrairun 2020, mu da muke aiki da kamfanin da ake kira ta waya kowa ya tashi da jaket da hular kwano da rigar ruwa, aiki ya tsaya, da aka sake tsananta dokar a Yunin 2022 yawancin abokaina suka tattara suka koma gida. Jaket ɗina tana nan a ƙasan akwati, mai kauri ce ruwa ba ya ratsa ta, ba na sawa don kar a ce har yanzu ina haya, kuma na kasa yar da ita. Malam tela in na kawo za ka mayar min da ita jakar goyo? Ni ba saya zan yi ba, kuɗin ɗinki zan biya.

Kofa_Ikorodu:
Yauwa, ni a ganina nan kasuwar take. Mutum ya kawo nasa a ɗinka masa, babu maganar ƙyama tunda zufarsa ce, babu maganar takarda tunda kayansa ne. Mu da muka gama bautar ƙasa kowa yana da kakin NYSC a ajiye, wando da jaket, ba a sake sawa, ga shi mutum yana jin nauyin yin tsumma da shi. In aka yi min jakar laftof da shi wlh zan biya.

Lauya_Ba_Gashi:
Kofa a yi hattara dai. Ban ce kar a yi ba amma a cire bajo da duk wani rubutu. Wanda kuma zan ce kar a kusance shi ko kyauta ne shi ne kakin soja mai dabbare-dabbare, da na 'yan sanda da kwastan da sauran masu ɗamara, har da na LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas. Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kayan soja ko abin da ya yi kama da shi ba da izini ba. Za ka ce ai jaka ce ba riga ba, to wannan bayanin a ina za ka yi shi, a shingen bincike tsakanin Jebba da Mokwa da ƙarfe biyun dare? Mota guda za ka ɓata wa lokaci.

Tela_Zango:
A'a wannan ba ruwana da shi. Waɗanda aka kawo min ruwan toka ne da shuɗi mai duhu, na kamfani ne zalla. Ɗan Okada ka kawo, in ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Agege ka yi min magana ta inbos in kwatanta maka.

Malam_Alaba_Rago:
Ni abin yana ba ni mamaki da ake maganar kamar sabon abu ne aka ƙirƙiro a Turai. Mun taso muna gani ana ɗinka jakar makarantar boko da ragowar yadi, gafakar da muke sa Alƙur'ani baduku ne yake yi, zabirar wanzami mai aljihu-aljihu ita ma haka, buhun fulawa iyayenmu suna wanke shi su yi zanen gado ko shafin riga. Almubazzaranci dama addini ya hana. Abin da ya canja shi ne kayan Cana sun cika kasuwa da araha har gyara ya fi sabo tsada, shi ya sa yaran yanzu ba su san faci ba.

UmmuSadiq:
Gaskiya ne Malam. Ni ma tambaya gare ni ko da ba na ma'aikata ba ne, yunifom ɗin alhazai fa da hukumar jin daɗin alhazai take rabawa? Na Hajiyarmu yana nan tun da ta dawo, ba ta ƙara sawa ba.

Baduku_Mushin:
Wannan yadin ba shi da kauri, shafi zai yi ko jakar carbi da sallaya. Amma ki fara tambayarta, tsofaffi suna da ƙawa-zuci da kayan Makka, kar ki jawo wa kanki faɗa.

UmmuSadiq:
Hhhh wlh ka san ta, ko zamzam ɗin ma a kulle yake.

Mai_Shara_Iyafot:
Ina aikin goge-goge a filin jirgi na Ikeja, bari in ba Alhaji na Mile 12 amsa kan Gana-mos-go. A mota ba ta da abokin gasa na yarda, amma a jirgi tana ba mutane kunya, zif ya fashe a kan bel kayan mutum su watse har da na ciki, kullum muna gani. A ƙarshen 2023 ma Ethiopian Airlines sun fitar da sanarwa cewa ba za su riƙa karɓarta haka nan ba saboda tana maƙalewa a na'urar jan kaya. Kuma abin da na lura matafiya suna wahala a kansa ƙananan abubuwa ne, fasfo da katin rigakafi da tikiti da biro da caja, sai mutum ya zo gaban kanta ya fara zazzage babbar jaka. 'Yan Umara tsofaffi musamman. Jaka 'yar ƙarama ta rataya a wuya mai aljihu biyu da zif mai kyau, wannan ko a ƙofar masallaci za ta tafi. In za ka yi ta hannu ka tuna yawancin jirage kilo 7 suke bari a shiga da shi, kar jakar kanta ta cinye kilo biyu.

ƊanMile12:
To ai kin dawo kan maganata, ƙananan zai yi, babbar jaka a bar wa mai ita. Tun 1983 da Shagari ya ce baƙin haure su fita take aiki har yau ba ta yi ritaya ba.

MamanIlham:
Ni in za ku ji ta tawa, a bar maganar tafiya ma, a yi jakar cefane. Gwamnatin jiha ta hana robar tekawe tun Janairun 2024, daga Yulin 2025 kuma ta fara kama masu sayar da ƙananan ledoji marasa kauri, manyan shaguna yanzu sai ka sayi jaka a wajen biyan kuɗi. Jakar cefane ba ta son zif ba ta son ƙarfe, hannu biyu ne da gindi, duk tsadar da malam Baduku ya lissafa ta fita.

Baduku_Mushin:
Haka ne, amma ribarta ma ta fita 😅 kowa da keke zai iya yin ta, sati biyu za ki ga an cika Oshodi da ita.

Injiniya_Yaba:
Wani abu kuma kan muhallin tunda ni na kawo shi, kar mu yaudari kanmu. In ka yanki bayan riga da ƙafar wando ka kwashe sauran ka kai bola, rabin kayan ya koma inda dama zai je. Sai an san yadda za a yi da ragowar. Makanikai da masu injin buga takardu a Shomolu da Mushin suna sayen tsumma na goge hannu, masu filo da kushin suna cusa ƙyalle. A ware mai auduga da yawa a sayar musu a kilo.

Hajiya_Obalende:
Ni fa har yanzu ba wanda ya faɗi kuɗi. Nawa ne 'yar ta fasfon? In ta fi ta Cana da ake sayarwa a Idumota tsada to me zai sa in saya, in kuma ta fi ta araha malam tela me ya ci?

Tela_Zango:
Hajiya ba zan yanke kuɗi ba sai na je Mushin na ji kuɗin zif da bel a dozin. Amma ba na jin za ta fi ta Cana araha gaskiya, abin da zan iya cewa in zif ya lalace ki dawo da ita in canja miki, ta Idumota kuwa wa za ki mayar wa?

Hajiya_Obalende:
Wannan kuma magana ce. Amma daga Obalende zuwa Agege don zif, kuɗin motar ya sayi sabuwa.

AbbaKeke:
Hajiya ba a kayar da ke 😂

Baba_Maigadi_Apapa:
Yaro ka kira mutumin naka kuwa?

Tela_Zango:
Na kira shi Baba. Ya ce shi da oga na sito suka yi maganar, manajan ma'aikata bai sani ba tukuna, wai akwai wani mai kwasar shara da ya saba ɗauka yana ba su ɗan na goro. Na ce masa ni sai da takarda.

Baba_Maigadi_Apapa:
To ka gani. Kar ka karɓi ko ɗaya bayan biyun nan, su ma ka ajiye tambarinsu kar ka yar. Ka rubuta wasiƙa da sunan shagonka ka kai da hannunka, ka tafi da jakar da ka ɗinka su gani. In sun ce a'a ka bar su, otal-otal da makarantu da kamfanonin gadi sun yi yawa a garin nan, kowa yana canja yunifom.

Lauya_Ba_Gashi:
A wasiƙar ka rubuta adadin kayan da za a ba ka da cewa za a cire tambari kafin su bar harabar kamfanin, su sa hannu su buga hatimi, kwafi ɗaya naka ɗaya nasu. In kana so ka turo min in duba maka Turancin.

ƊanMile12:
Ni har yanzu ban ga kasuwar ba, na kowa-ya-kawo-nasa ɗin nan dai da Kofa ya faɗa ya fi kama hankali. Amma malam tela in ka tashi yi, irin ta ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin riga nake so, mai zif biyu, wadda za ta ci kuɗin ciniki da ƙaramar waya, yaran da suke raka motar albasa daga Aliero kullum kukansu ke nan. Kar ka sa mata tsirin mai ƙyalli, ba a son a gan ta.

DirebanTanka:
Irin wannan ni ma a yi min ɗaya, amma maratayin ya yi tsawo don tumbina ba na yara ba ne.

Kofa_Ikorodu:
Malam Baduku tambaya, kakin namu zai ɗauki soso a ciki saboda laftof ko sai an haɗa da wani yadin? wandon nawa ya ɗan koɗe a gwiwa.

Baduku_Mushin:
Turo hotonsa a rana, gaba da baya, in gani tukuna.